Ƙullu Ba Ya Jiran Gari Ya Waye: Tarihin Masu Gashin Burodi a Birnin Faris

Gabatarwa

A ranar 20 ga Afrilu, 1871, sa'ad da sojojin gwamnatin Faransa suke luguden igwa a kan unguwannin yammacin birnin Faris, majalisar 'yan tawayen da ke riƙe da birnin, wadda tarihi ya sani da sunan Commune, ta fitar da wata gajeruwar doka. Dokar ba ta shafi yaƙi ko makamai ba. Abin da ta ƙunsa shi ne haramta aikin dare a gidajen burodi. Mai karatu zai iya mamakin yadda mutanen da mutuwa take ƙofar gidansu za su sami sukunin duba lokacin barcin masu gashin burodi. Amsar tana cikin ƙullun da ake yin burodin da shi. Shekaru aru-aru wannan ƙullu ne yake yanka wa mai gashi lokacin kwanciyarsa da na tashinsa, har ma da tsawon kwanansa a duniya. Wannan maƙala za ta bi sawun dangantakar da ke tsakanin mutumin da ƙullun, domin a ga yadda kowace dabara da ta kawo wa mai gashi sauƙi takan rage wa burodin daraja, da kuma yadda aka yi ƙoƙarin daidaita su biyun a ƙarshen ƙarni na 20.

Mece ce uwar ƙullu?

Idan aka kwaɓa fulawa da ruwa aka ajiye a wuri mai ɗumi, bayan 'yan kwanaki sai kwaɓin ya fara kumfa, ya kumbura, ya soma ƙanshin tsami. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wadda ta saba kwanar da ƙullun waina, ko wadda takan bar ɗan tsohon nono a ƙwarya domin ya kama sabuwar madara. Abin da ke faruwa shi ne, akwai ƙananan halittu iri biyu waɗanda ido ba ya gani, suna zaune a cikin fulawar. Iri na farko yis ne na daji, wanda yake cin zaƙin da ke cikin fulawar yana fitar da iskar da ke kumbura ƙullu. Iri na biyu ƙwayoyi ne dangin masu tsamantar da nono, su ne suke ba burodin ɗan tsaminsa da ƙanshinsa, suke kuma hana shi saurin yin fumfuna. Mai gashi yakan gutsuri kaɗan daga kwaɓin yau ya ajiye domin ya tayar da na gobe. Wannan gutsure shi ne Faransawa suke kira levain, a nan kuwa za a kira shi uwar ƙullu.

Dabarar tsohuwa ce ƙwarai. Mutanen Masar ta dā suna cin burodi mai kumburi dubban shekaru kafin haihuwar Annabi Isa, kuma zane-zanen da ke cikin kaburburansu suna nuna masu kwaɓi da masu gashi a bakin aiki. Marubucin nan na Rum, Pliny, wanda ya mutu a shekara ta 79 Miladiyya, ya rubuta cewa galibin mutanen zamaninsa da ragowar kwaɓin jiya suke tayar da na yau. Ya kuma ce mutanen ƙasar Gaul, watau Faransa ta yanzu, sukan zuba kumfar giya a cikin kwaɓinsu, shi ya sa burodinsu ya fi na sauran al'ummu rashin nauyi. Ke nan tun a wancan zamani hanyoyi biyu ne a gaban mai gashi, ko ya bi uwar ƙullu mai nawa, ko ya bi kumfa mai sauri. Tarihin sana'ar a Faris kusan dukkansa ja-in-ja ne tsakanin waɗannan hanyoyi biyu.

Rayuwa a ƙarƙashin ƙasa

Wajen shekarar 1268, Étienne Boileau, wakilin Sarki Louis na Tara a birnin Faris, ya tattara ƙa'idojin sana'o'in birnin a cikin kundi guda, kuma masu gashin burodi ne aka fara kawowa a ciki. Tun daga lokacin sana'ar take da matakai uku: ɗan koyo, da ma'aikaci mai karɓar lada, da ubangida mai shago. Ba kowa yake kaiwa mataki na uku ba, domin kuwa zama ubangida yana bukatar jari da yardar ƙungiya, kuma ɗan ubangida ya fi bare samun hanya. Da yawa daga cikin ma'aikatan sukan tsufa suna yi wa wani aiki, ba su da gida, ba su da iyali.

Yadda suke aikin ya fito fili a rubuce-rubucen masana biyu na ƙarni na 18, watau Paul-Jacques Malouin, wanda ya bayyana sana'ar a 1767, da Antoine-Augustin Parmentier, wanda ya wallafa littafinsa kan gashin burodi a 1778, ya kuma taimaka wajen buɗe makarantar koyar da sana'ar a Faris a 1780. Mutanen Faris ba sa son burodi mai tsami da yawa. Domin a rage tsamin, sai masu gashi suka ƙirƙiro hanyar ciyar da uwar ƙullu sau uku kafin a yi babban kwaɓi. A ɗauko gutsuren da aka ajiye, a ƙara masa fulawa da ruwa, a bar shi 'yan sa'o'i. In ya tashi a sake ƙarawa, a sake jira, sa'an nan a ƙara na uku. Kowane mataki yana da lokacinsa. In an yi gaggawa ƙullun ba shi da ƙarfin ɗaga burodi, in kuma an makara ya wuce, ya yi tsami, ya faɗi. Zafi yakan sa shi gudu, sanyi ya sa shi nawa, saboda haka babu agogon da za a dogara da shi sai hanci da yatsun mai kula da shi. Sakamakon haka, ma'aikaci ba ya samun barcin da ya wuce sa'a biyu ko uku a jere, sai ya tashi ya duba ƙullunsa kamar mai jego da jariri.

Bugu da ƙari, mutanen birnin suna son su tarar da burodi da ɗuminsa da sassafe, don haka babban kwaɓi da gashi a tsakar dare ake yinsu. Galibin wuraren aikin ɗakuna ne na ƙarƙashin ƙasa, marasa taga, inda zafin tanderu da hayaƙin itace da ƙurar fulawa suke haɗuwa. Ana hura wuta ne a cikin tanderun kansa har tubalinsa ya ɗauki zafi, sa'an nan a kwashe garwashi, a goge da jiƙaƙƙen tsumma, a jera burodi da dogon cebur na katako. Kwaɓi kuwa da hannu ake yi a cikin babban kwami. Mai kwaɓi yakan tuɓe riga, ya sunkuya, ya ciccibi ƙullu mai nauyin gaske ya maka, ya sake cicciɓa, gumi yana zuba a ciki. Ana kiransa geindre, kuma da yake kalmar ta yi daidai da wadda take nufin nishi a harshensu, sai mutane suka ɗauka daga nishin da masu wucewa suke jiyowa cikin dare sunan ya samo asali. Idan gari ya waye, ma'aikacin yakan ɗauki kwando ya rarraba burodi gida-gida, kana ya dawo ya kwanta a kan buhunan fulawa ko a wani lungu kusa da tanderu. Cututtukan da aka san su da su sun haɗa da asma, da tarin fuka, da gwaiwa, da kumburin jijiyoyin ƙafa, da ƙuraje a hannu.

A saman bene kuwa, watau cikin shago, matar ubangida ce take mulki. Ita take sayarwa, ita take karɓar kuɗi, ita ta san wanda za a ba bashi da wanda za a hana. Da yake yawancin masu saye ba su iya karatu ba, sai a tsaga ɗan itace gida biyu, shago ya riƙe ɓari, mai saye ya riƙe ɓari. Duk lokacin da ya karɓi burodi sai a haɗa su a yi musu zane guda da wuƙa, ran biya a ƙirga. Wannan ya sa a sana'ar ake ganin mutum ba zai iya riƙe shago ba sai da mata, domin wanda ya kwana a tsaye ba ya iya wuni yana ciniki.

Rigimar kumfar giya

Ba wai an rasa hanyar da ta fi wannan sauƙi ba ne. Tun farkon ƙarni na 17 aka fara yayin wani ɗan ƙaramin burodi mai laushi, wanda ake haɗawa da madara da kumfar giya, har ana danganta shi da Sarauniya Marie de Médicis. Masu hali suka rungume shi, masu gashi kuma suka ga yana tashi da wuri, yana kawo riba. Amma fa kumfar daga nesa ake kawo ta, daga yankunan arewa masu yin giya, sau da yawa takan lalace a hanya ta sa burodi ɗaci. Da ƙorafi ya yi yawa, sai hukuma ta nemi fatawar likitocin Jami'ar Faris. A 1668 likitocin suka kaɗa ƙuri'a, 45 suka ce kumfar tana cutar da lafiya, 30 suka ce ba ta cutarwa. Duk da haka, a 1670 babbar kotun birnin ta halatta amfani da ita, bisa sharaɗin ta zama sabuwa. Daga nan sai abin ya rabu gida biyu. Ƙananan burodi na masu kuɗi da kumfa ake yinsu, babban burodin talaka kuwa ya ci gaba da dogara ga uwar ƙullu har kusan shekara 200 bayan haka.

Gaba kura, baya sayaki

Wahalar mai gashi ba ta tsaya ga ƙullu ba. A wancan zamani burodi shi ne tuwon Bafaranshe, shi ne mafi yawan abin da talaka yake ci safe da dare. Ma'aunin da aka saba da shi shi ne burodi mai laba huɗu, watau kusan kilo biyu. A shekarun da aka sami damina mai kyau ana sayar da shi sou 8 ko 9, alhali lebura yana samun tsakanin sou 20 da 30 a wuni. Saboda haka hukuma ta sa wa sana'ar ido fiye da kowace. 'Yan sanda sukan auna burodi, su ƙayyade farashi, su ci tarar wanda aka kama da tauye awo, wani lokaci ma su toshe masa tanderu da tubali. Idan alkama ta yi tsada, hukuma ta hana mai gashi ƙarin kuɗi, talakawa kuma su zarge shi da ɓoye abinci.

A 1774 minista Turgot ya sakar wa 'yan kasuwar hatsi mara, sai aka yi rashin sa'a amfanin gona bai yi kyau ba. A watannin Afrilu da Mayu na 1775 tarzoma ta ɓarke a garuruwan da ke kewaye da Faris da cikin birnin kansa, aka fasa shagunan burodi, abin da ake kira Yaƙin Fulawa. Bayan shekara 14 aka sake shiga irin wannan hali. Farashin burodi mai laba huɗu ya tashi daga sou 9 a watan Agusta na 1788 zuwa 14 da rabi a watan Fabrairu na 1789. A ranar 5 ga Oktoba, 1789, dubban matan Faris suka taka da ƙafa zuwa fadar Versailles suna neman burodi, washegari suka taso sarki da sarauniya da ɗansu zuwa birni, suna yi musu laƙabi da mai burodi da matarsa da yaron shago. Wannan laƙabi yana nuna yadda talakawa suka ɗauki sarauta, watau wanda ya hau gadon mulki shi ne babban mai ciyarwa, kuma a wuyansa yunwarsu take.

Makonni biyu bayan haka, ranar 21 ga Oktoba, wata mata ta zargi wani mai shago, Denis François, da ɓoye burodi. Aka bincika aka tarar da 'yan kaɗan da ya keɓe, ciki har da na ma'aikatansa. An kai shi gaban hukumar birni, maƙwabtansa suka shaide shi da kirki, amma taron jama'a ya ƙwace shi ya rataye a dandalin Grève. A ranar ce Majalisar Ƙasa ta kafa dokar da ta ba hukuma ikon tarwatsa taro da ƙarfin soja. Juyin juya halin ya rushe ƙungiyoyin sana'a a 1791, amma bai daɗe ba aka ga ba za a iya sakin burodi haka nan ba. A 1801 gwamnatin Napoleon ta sake ɗaure sana'ar a Faris, ta wajabta wa kowane mai shago neman izini da ajiye buhunan fulawa saboda ɓacin rana. Sai a 1863 aka ba kowa 'yancin buɗe gidan burodi.

Zuwan yis da yaƙin neman barci

Canji na gaske daga birnin Vienna ya zo. Wajen 1839 wani tsohon hafsan sojan Ostiriya, August Zang, ya buɗe shago a titin Richelieu na Faris, yana sayar da burodi irin na ƙasarsu, wanda ake tayarwa da yis a kuma gasa a tanderu mai tururi, ɓawonsa ya fito yana sheƙi. Mutanen birnin suka yi masa ca, masu gashi kuma suka shiga kwaikwayo. A daidai wannan zamani masana'antun Vienna suka gano yadda za a noma yis shi kaɗai, a matse shi ya zama curi mai tsabta, ba sai an jira masu giya ba. Daga 1857 kuma Louis Pasteur ya fara wallafa binciken da ya tabbatar cewa halittu masu rai ne suke haddasa tsami da kumburi. A 1872 aka kafa masana'antar yis a Maisons-Alfort, kusa da Faris. Abin da yake ɗaukar wuni da kwana ana lallashi, yanzu ana iya gama shi cikin 'yan sa'o'i.

Ma'aikatan ba su tsaya jiran ilmi ya cece su ba. Tun kafin 1871 suke kai kuka kan abubuwa biyu, aikin dare da kuma dillalan da suke sama musu aiki suna cin rabin guminsu. Da Commune ta karɓi birnin, sai suka kai mata buƙatunsu, ta amsa duka biyun a dokar 20 ga Afrilu. Iyayen gida suka yi ca, suna cewa ƙullu zai lalace, masu saye kuma ba za su yarda da burodin jiya ba. A muhawarar da aka yi ranar 28 ga watan, Léo Frankel, mutumin Hangari wanda yake riƙe da sha'anin ƙwadago, ya tsaya tsayin daka wajen kare dokar. Ta fara aiki a farkon Mayu, kuma a tsakiyar watan ma'aikatan suka yi jerin gwano zuwa zauren birni domin godiya. Barcin nasu bai kai wata guda ba. Tsakanin 21 da 28 ga Mayu sojojin gwamnati suka murƙushe Commune da zubar da jini mai yawa, masu kwaɓi suka koma ramukansu.

An shafe kusan shekara 50 kafin maganar ta sake zama doka. Wani ɗan majalisa daga Lyon, Justin Godart, ya ɗauki gabarar yaƙin tun 1909, yana kiran ma'aikatan da suna fararen mahaƙa, domin su ma a ƙarƙashin ƙasa suke aiki kamar masu haƙar kwal, sai dai ƙurarsu fara ce. A ranar 28 ga Maris, 1919, aka hana sa ma'aikaci aikin burodi tsakanin ƙarfe 10 na dare da ƙarfe 4 na asuba. Dokar ba ta hau kan ubangida ba, shi yana iya kwana yana aiki in ya ga dama, kuma an sha keta ta. Amma wannan karon akwai abin da ya tallafe ta wanda babu shi a da, watau yis na masana'anta da injin kwaɓi. Yaƙin Duniya na Farko ya cinye samari majiya ƙarfi, don haka iyayen gidan da suka daɗe suna ƙin inji suka saye shi dole. A shekarun 1920 uwar ƙullu ta soma ɓacewa daga biranen Faransa. A lokacin ne kuma siririn dogon burodin nan da ake kira baguette ya yi fice, domin yana gasuwa cikin minti 20 zuwa 25, ko da yake ba ya kwana. Shi ne wanda mulkin mallaka ya kai ƙasashen Afirka, har ake sayar da shi a Yamai da Maraɗi da Damagaram.

Sauri ya haifi nawa

A zamanin Yaƙin Duniya na Biyu da 'yan shekarun da suka biyo baya, Faransawa sun ci baƙin burodi mai dusa, wanda ake rabawa da kati har zuwa 1949. Da aka sami yalwa, babu abin da suke marmari kamar fari. A tsakiyar shekarun 1950 aka gano cewa idan aka ninka gudun inji aka kuma tsawaita kwaɓi, aka ƙara ɗan garin wake, ƙullu yakan sha iska ya yi fari fat, ya kumbura fiye da kima, ba ya kuma bukatar dogon hutu kafin a yanka shi. Masu gashi suka yi murna, masu saye ma haka. Sai dai iskar da take faranta ƙullun ita ce take ƙone sinadaran da suke ba alkama launinta da ƙanshinta, dogon hutun da aka soke kuma shi ne lokacin da ɗanɗano yake haɗuwa. Aka wayi gari da burodi mai girma, mai kyan gani, marar nauyi, wanda ba shi da wani daɗi a baki, da yamma kuma ya bushe. Malamin nan na makarantar masu niƙa a Faris, Raymond Calvel, ya shafe shekaru yana gargaɗi a kan haka.

Cin burodi ya yi ta raguwa, har ya zama abin da Bafaranshe yake ci a ƙarshen ƙarni na 20 bai kai sulusin abin da kakansa yake ci a farkonsa ba. Lalle samun nama da sauran abinci yana cikin dalilai, amma lalacewar burodin ma ta taimaka. Daga baya manyan kantuna suka shigo da daskararren ƙullu na masana'anta, wanda kowane yaro zai iya jefawa a tanderu. Tun da ɗanɗanon ya zama ɗaya, mai saye ba shi da dalilin biyan ƙarin kuɗi a shagon unguwa. A 1970 akwai ƙananan gidajen burodi kimanin 55,000 a Faransa, zuwa 2022 sun koma kimanin 35,000.

Komawar uwar ƙullu

Akwai waɗanda ba su bi yayi ba. A 1932 Pierre Poilâne ya buɗe shago a lamba 8, titin Cherche-Midi, ya nace wa babban kewayayyen burodi irin na ƙauye, mai nauyin kusan kilo biyu, na fulawar da aka niƙa da dutse, wanda ake tayarwa da uwar ƙullu a gasa da itace, ko da yake jama'a suna ganinsa abincin wahala ne. Ɗansa Lionel, wanda aka haifa a 1945, yana ɗan shekara 14 aka saukar da shi ɗakin tanderu ba da son ransa ba. Da ya karɓi shagon wajen 1970, sai ya bi tsofaffin masu gashi yana tambayarsu, yana tara littattafan sana'ar. A farkon shekarun 1980 ya gina wata ma'aikata a Bièvres mai tanderun itace 24, inda kowane mai gashi yake aiki da hannu da hanci kamar yana cikin ƙaramin shago, ana kuma aika burodin ta jirgin sama har Amurka da Japan. Ya rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu ranar 31 ga Oktoba, 2002, 'yarsa Apollonia ta gaje shi tana da shekara 18. Abin da gidan ya tabbatar shi ne mutane za su biya kuɗi domin ɗanɗano, kuma mai gashi yana iya zama mutum mai suna maimakon baran da ba a ganin fuskarsa.

Hukuma ma ta sa hannu. An saki farashin burodi a 1978, abin da ya ba mai kyautata aiki damar neman ladansa. A ranar 13 ga Satumba, 1993, gwamnatin Édouard Balladur ta fitar da dokar da ta fayyace burodin gargajiya na Faransa, watau wanda ba a daskarar ba, ba a kuma zuba masa sinadaran gyara ba. Dokar ta bayyana mece ce uwar ƙullu, ta ƙayyade yawan tsamin da dole a samu kafin a kira burodi da sunanta, ta kuma ce yis ɗin da za a tallafa mata da shi kada ya wuce giram 2 a kowane kilo na fulawa. A 1998 wata dokar ta keɓe sunan mai gashin burodi ga wanda yake kwaɓawa, ya tayar, ya gasa a wurin da yake sayarwa. A ranar 30 ga Nuwamba, 2022, a taron da aka yi a Rabat ta ƙasar Maroko, hukumar UNESCO ta sanya sana'ar yin baguette cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana.

Amma da a ce komawa ga uwar ƙullu tana nufin komawa ga barcin sa'a biyu, da ba a sami mai komawa ba. Abin da ya sasanta tsakani shi ne sanyi. Halittun da ke cikin ƙullu sukan rage aiki idan an sanyaya su, ba tare da sun mutu ba. Daga shekarun 1970 aka fara yaɗa na'urori masu kama da firiji, waɗanda suke riƙe ƙullu cikin sanyi, su ɗumama shi a lokacin da aka saita musu. Ta haka mai gashi yana iya kwaɓawa da rana, ya tafi gida, ya dawo da asuba ya tarar ƙullun ya isa shiga wuta. Abin sha'awa kuma shi ne dogon zaman nan cikin sanyi yana ƙara wa burodin ɗanɗano. Wannan ne karo na farko da dabara guda ta amfani mutumin da burodin tare.

Kammalawa

Idan aka dubi wannan tarihi daga farkonsa, za a ga cewa lokaci shi ne abin da ake jayayya a kansa. Burodi mai kyau yana bukatar sa'o'i masu yawa, kuma dole a sami wanda zai biya su. A ƙarni na 18 ma'aikaci ne ya biya da barcinsa da ƙirjinsa. A tsakiyar ƙarni na 20 aka soke sa'o'in, sai burodin ya biya da ɗanɗanonsa. A ƙarshen ƙarnin aka ɗora su a kan na'ura, ita kuwa da wutar lantarki take aiki. Shi ya sa da kuɗin wuta ya yi tashin gwauron zabi, masu gashi suka fito zanga-zanga a titunan Faris a watan Janairu na 2023, suna kukan cewa shagunansu za su rufe. Sana'ar ba ta zama mai sauƙi ba. Mai shagon unguwa da ƙarfe 3 ko 4 na asuba yake tashi, samun ɗan koyo mai jurewa yana da wuya, ƙauyuka da dama kuma sun rasa tanderunsu na ƙarshe. Duk da haka, abin da ma'aikatan 1871 suka roƙa, watau su kwana a gadonsu su kuma ga hasken rana, jikokinsu a sana'a sun sami mafi yawansa, ba tare da an zubar da ɗan gutsuren ƙullun da ake ajiyewa domin kwaɓin gobe ba.